Ganyen Masara da Buhunan Yuriyar da Na Ɓarnatar

Shekaru kaɗan da suka wuce na shiga gonata da sassafe, lokacin masara ta kai gwiwa, sai na tarar wani ɓangare nata ya koɗe, ganyayen sun bar koren da na sani sun koma fatsi-fatsi mai ɗaukar ruwan ɗorawa. Ban tsaya dogon tunani ba, domin abin da kowane manomi ya taso yana ji shi ne idan masara ta yi rawaya to yuriya take nema. Na sayo yuriya na zuba, aka yi ruwa mai kyau a daren, na koma gida da tabbacin cewa cikin mako guda komai zai daidaita. Bayan mako biyu sai na ga sauran gonar ta ƙara duhun kore, amma wannan ɓangaren yana nan yadda yake, har ma sababbin ganyayen da ke fitowa daga tsakiya sun fi na da haske. A nan ne wani malamin gona ya ba ni shawarar in tsinki ganye in aika ɗakin gwaje-gwaje, shawarar da na karɓa ba don na gamsu ba, sai don dabarata ta ƙare.

Sakamakon da ya dawo ya nuna cewa naitirojin, wato sinadarin da yuriya ke bayarwa, ya wadata a jikin ganyen har ya yi yawa, abin da ya gaza kuwa shi ne sulfa. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, amma babu ko ɗigon sulfa a cikinta, saboda haka duk abin da na zuba ƙara nisanta sinadaran biyu ya yi. Shuka tana haɗa su ne wajen gina furotin, kuma a jikin masara mai lafiya ana samun kusan kashi 15 na naitirojin a kan kowane kashi ɗaya na sulfa. Ɓangaren da ya koɗe jigawa ne mai yashi, taki bai zauna masa ba, kuma irin wannan ƙasa ruwan sama yana saurin wanke mata sulfa ya gangara da shi inda saiwar ƙaramar shuka ba ta kai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya shi ne masarar ta nuna mini amsar tun ranar farko, ni ne ban iya karatun ba. Sinadaran abincin shuka sun kasu biyu ta fuskar yadda suke yawo a jikinta. Naitirojin da fosfaros da fotashiyam da magniziyam suna iya tashi daga tsohon ganye su koma sabo, don haka idan suka yi ƙaranci shukar takan kwashe su daga ganyayen ƙasa ta ciyar da na sama, alamar kuma sai ta fara bayyana a ƙasa. Kalsiyam da boron da sinadarin ƙarfe da zink ba sa tashi da sauƙi daga inda suka zauna, sulfa ma tafiyarsa ba ta da sauri, shi ya sa ƙarancinsu ke fara bayyana a sababbin ganyaye. Ƙarancin naitirojin a masara yana da kamanninsa na musamman: rawayar takan fara daga tsinin tsohon ganye ta bi jijiyar tsakiya ta shiga ciki kamar bakin mashi. Ƙarancin fotashiyam kuwa gefen tsohon ganye yake ƙonawa ya bar tsakiyar da kore, na fosfaros kuma yakan sa ƙaramar shuka ta ɗauki launin shunayya. Tawa masarar daga sama ta koɗe, ganyayenta na ƙasa suna nan da korensu.

Da wannan kaɗai wani zai ce ai ido ya isa, ba sai an je ɗakin gwaji ba. Ni ma na ɗan riƙe wannan ra'ayi, har sai da na lura da yawan abubuwan da ke kwaikwayon juna a gona. Ruwa idan ya kwanta a gindin shuka yakan sa ta rawaya, haka ƙwarin da ke cin saiwa, haka maganin ciyawa da aka fesa ba bisa ƙa'ida ba, kuma akwai cututtukan da ke zana wa ganye layuka masu kama da na ƙarancin magniziyam ko zink. Sannan idan sinadari biyu suka gaza a lokaci ɗaya, alamar ɗaya takan rufe ta ɗaya. Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne yunwar da masana ke kira ɓoyayyiya, wato matakin da sinadari ya gaza har ya fara rage yawan amfani, amma bai kai ga canja launin ganye ba. Gona tana iya yin kore shar tun daga shuka har girbi, a ƙarshe buhunan da aka samu su kasa abin da ya kamata, manomi ya ɗora laifin a kan iri ko damina. Kafin ido ya ga alama, an riga an yi asarar wani kaso na amfanin, kuma wannan gurbin ne gwajin ganye yake cikewa.

Masana sun ƙidaya sinadarai 17 da shuka ba ta iya kammala rayuwarta sai da su. Uku daga ciki tana samunsu daga iska da ruwa, sauran 14 kuma daga ƙasa, wasu da yawa, wasu kuma ɗan mitsitsi ƙwarai amma ba makawa sai da shi. Tun a shekarar 1828 wani masani ɗan ƙasar Jamus, Carl Sprengel, ya bayyana cewa sinadarin da ya fi ƙaranci shi ke iyakance girman shuka, ko da sauran sun yi yawa, daga baya kuma Justus von Liebig ya yaɗa wannan ka'ida har aka fi saninta da sunansa. Ana misalta ta da gangar katako wadda allunanta ba su kai tsawon juna ba: ruwa ba zai wuce bakin allon da ya fi gajarta ba, komai tsawon sauran. A gonata gajeren allon sulfa ne, ni kuma na dage ina ƙara wa allon naitirojin tsawo.

Mutane da yawa suna tambayata ko gwajin ƙasa bai wadatar ba. Gwajin ƙasa yana faɗin abin da ke ajiye a rumbu, gwajin ganye kuma yana faɗin abin da ya shiga ciki, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai faɗi. Ƙasa tana iya ƙunsar fosfaros mai yawa, amma idan tsaminta ya yi ƙarfi, ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH ya sauka ƙasa da 5.5, sai ƙarfe da alminiyam su ɗaure shi, alminiyam ɗin kuma ya hana saiwa miƙewa. A ƙasar da pH ya haura 7 da yawa kuwa, ƙarfe da zink ne ke wahalar samuwa ga shuka. Ƙasar da ta daskare saboda nauyin tarakta, ko wadda ta bushe, ko wadda ruwa ya kwanta mata, duk suna hana saiwa ɗaukar abin da ke kusa da ita. Su kansu sinadaran suna kishi da juna, domin yawan fosfaros yana iya jawo ƙarancin zink, yawan fotashiyam kuma yana rage shan magniziyam. Saboda haka takardar gwajin ganye takan ce abu kaza bai isa jikin shuka ba, amma ba ta faɗin dalili. Wanda ya ga an rubuta ƙarancin fosfaros ya ruga sayen taki, alhali matsalarsa tsamin ƙasa ce da ke buƙatar farar ƙasa mai rage tsami, ya sake yin irin kuskurena ne, sai dai shi nasa da takarda a hannu.

Inda aikin ya fi lalacewa, a ganina, shi ne wajen ɗibar samfur, kuma a nan nake so in daɗe. Na'urar ɗakin gwaji tana auna abin da aka ba ta ne kawai, ba ta san daga ina aka tsinko shi ba. Yawan sinadari a jikin shuka yana bambanta daga ganye zuwa ganye, daga ganye zuwa kara, kuma yana sauyawa da yawan kwanakin shukar. Yayin da take girma, kason naitirojin da fosfaros da fotashiyam a ganye yana raguwa saboda jikin yana ƙaruwa fiye da yadda take sha, kalsiyam kuma yana taruwa a tsofaffin ganyaye. Ma'aunan da ake kwatanta sakamako da su an gina su ne a kan wani ganye takamaimai a wani mataki takamaimai, don haka idan aka tsinki ganyen da ba shi ba, ko a lokacin da ba shi ba, lambobin za su fito daidai amma hukuncin da za a yanke a kansu zai zama kuskure.

A masara, idan shukar ba ta wuce santimita 30 ba, ana yanke ta gaba ɗaya daga ɗan saman ƙasa. Idan ta wuce haka amma ba ta fitar da fure a kanta ba, ana ɗaukar ganyen sama da ya gama buɗewa sarai. Lokacin da aka fi dogara da shi kuwa shi ne sa'ad da goyo ya fara fitar da gemu, kafin gemun ya bushe, inda ake cire ganyen da ke gindin goyon. A waken suya ana ɗaukar ganyen sama mai rassa uku da ya gama girma, a farkon fure. A alkama, idan ta fara fitar da kai, ganyen ƙarshe na sama ake nema. A auduga da dankalin turawa sau da yawa sandar ganyen ake aunawa, domin a nan ake ganin naitirojin da shukar ta sha kwanan nan ba ta riga ta sarrafa ba. Ga masara ganye 15 zuwa 25 daga shukoki dabam-dabam sun isa samfur ɗaya, kuma ana tsinko su ne ana ratsa gonar, ba a tsaya a kunya ɗaya ba.

Akwai shukokin da ake tsallakewa. Na bakin gona suna samun haske da sarari fiye da sauran, na gefen hanya kuma ƙura ta rufe su. Wanda ƙwari suka ci, ko cuta ta kama, ko ya riga ya bushe, ba ya wakiltar kowa. Idan an yi kwanaki babu ruwa har shuka ta fara naɗe ganye da rana, gara a jira, domin abin da za a auna ƙishirwa ce. Ƙura da ƙasa da ke manne a ganye suna ɗaga lambar ƙarfe sama ƙwarai, har a ɗauka shukar ta ƙoshi da shi alhali daga waje yake. Haka nan wasu magungunan feshi na cututtukan ganye suna ɗauke da zink ko manganis ko tagulla, abin da ya rage a saman ganye kuma zai shiga lissafi, don haka wajibi ne a sanar da ɗakin gwajin abin da aka fesa da ranar da aka fesa shi. Ko bokitin da ake tara ganyen yana da tasiri, domin bokitin kwano da aka shafe da tutiya, wato zink, yana iya ƙara wa samfur wannan sinadari.

A karo na biyu da na ɗebi samfur na yi wani kuskure da har yau nake jin kunyarsa. Na zuba ɗanyen ganye a leda na ɗaure bakin, na ajiye a mota, wani uzuri ya riƙe ni kwana biyu. Da na kwance ledar sai wani ɗumi ya bugi fuskata, ganyen ya yi gumi ya fara baƙi, ga farar hunhuna a jikinsa. Ganye bayan an tsinke shi yana ci gaba da numfashi yana cin abin da ke jikinsa, kuma idan ya fara ruɓa nauyinsa ya ragu, to duk lissafin kaso ya rikice. Dole na koma gona na sake tsinka, lokacin kuma gemun masarar ya fara bushewa. Tun daga ranar jakar takarda nake amfani da ita, in shanya ganyen a inuwa inda iska ke ratsawa har ya sha iska, in rubuta sunan gona da nau'in iri da ranar shuka da ranar tsinka da takin da aka riga aka zuba, sannan in aika ba tare da jinkiri ba.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce ɗibar samfur biyu a rana ɗaya, ɗaya daga inda shuka ta lalace, ɗaya daga inda take lafiya a cikin gonar, tare da ƙasar kowane wuri. Iri ɗaya ne, ranar shuka ɗaya, ruwan sama ɗaya, saboda haka bambancin da ya fito tsakanin takardun biyu ya fi kowane ma'aunin littafi faɗa mini gaskiya. Wannan yana kuma kare mutum daga wani tarko da ba kowa ya sani ba: shukar da ta tsumbure ƙwarai tana iya nuna kaso mai yawa na wasu sinadarai, har da wanda ya tsumburar da ita, saboda ɗan abin da ta sha ya taru a ƙaramin jiki. Wanda ya karanta lambar ita kaɗai zai ce ta ƙoshi, sai ya ajiye ta kusa da ta lafiyayyar shuka ya kuma tuna girman kowacce sannan zai gane.

A ɗakin gwaji ana busar da ganyen a tanda mai zafin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Celsius, a niƙa shi ya zama gari. Naitirojin ana auna shi ko dai ta hanyar da Johan Kjeldahl, ɗan ƙasar Danmak, ya fito da ita a shekarar 1883, inda ake narkar da samfur a ruwan asid, ko kuma ta hanyar ƙone garin a auna iskar da ta fita. Sauran sinadaran na'ura ɗaya tana iya karanta su a tare bayan an narkar da garin. Manyan sinadarai ana rubuta su da kaso cikin ɗari na busasshen nauyi, ƙananan kuma da kaso cikin miliyan. A ganyen gindin goyon masara lokacin gemu, abin da ake ɗauka wadatacce shi ne naitirojin wajen kashi 2.7 zuwa 3.5 cikin ɗari, fosfaros daga wajen 0.25, fotashiyam daga wajen 1.7, zink kuma daga wajen kashi 20 cikin miliyan. Ɗakunan gwaji suna ɗan bambanta a kan waɗannan iyakoki, shi ya sa ba na ɗaga hankalina idan lamba ta sauka kaɗan ƙasa da layi, kuma shi ya sa nake tsayawa a ɗakin gwaji ɗaya domin in iya kwatanta bana da bara. Lambar da ta haura sama ma tana da nata labarin, musamman fotashiyam, wanda shuka ke sha fiye da buƙatarta idan ta same shi, ba tare da ya ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.

Dole in faɗi iyakar gwajin ganye, domin masu tallarsa ba sa cika faɗi. Takardar ba ta cewa a zuba buhu kaza a hekta, wannan sai an haɗa da gwajin ƙasa da tarihin gonar da yawan amfanin da ake hange. Sannan lokacin da ya fi dacewa da ɗibar samfur a masara, wato lokacin gemu, ya yi latti ga yawancin gyara, domin fosfaros da fotashiyam tun wajen shuka ake son su kusa da saiwa. Gwajin da aka yi da wuri yana iya ceto damina idan matsalar naitirojin ce ko sulfa, ko ƙaramin sinadari irin zink da ake iya fesawa a ganye, amma mafi yawan ribar gwajin a shekara mai zuwa ake cinta. Akwai ma inda ganye ke yaudara gaba ɗaya. Gyaɗa tana shan kalsiyam ɗin da ƙwayarta ke buƙata kai tsaye ta ɓawon da ke binne a ƙasa, don haka ganyenta yana iya nuna wadatar kalsiyam alhali a ƙasa ɓawon fanko ake haifa. A nan ƙasar da ke kewaye da ƴaƴan ya kamata a auna.

Ga wanda ɗakin gwaji ya yi wa nisa, ko yake son amsa a tsaye cikin gona, akwai kayan aiki masu sauƙi, amma kusan dukansu naitirojin kaɗai suke hasashe. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifins, IRRI, ta yaɗa wani ɗan allon roba mai launukan kore daga mai haske zuwa mai duhu, wanda manomin shinkafa ke karawa da ganye ya ga ko lokacin ƙarin taki ya yi. Akwai kuma na'urar hannu ta SPAD da ake matse ganye da ita ta auna yawan korensa. Suna da amfani wajen tsara lokacin zuba yuriya, sai dai da a ce su na riƙe a waccan shekarar, da sun ce mini ganye ya koɗe, ni kuma da na ƙara yuriya kamar yadda na yi, tunda ba sa bambanta koɗewar sulfa da ta naitirojin.

Gyaran da na yi a ɓangaren jigawar bai da wuya. A damina ta gaba na maye wani kaso na yuriyar da takin amoniyam salfet, wanda ke da naitirojin kashi 21 da sulfa kashi 24 cikin ɗari, na daina ƙone karan da ya rage bayan girbi tunda wuta tana tafiya da naitirojin da sulfa zuwa iska, na kuma ƙara takin dabbobi a wurin. Amoniyam salfet yana ƙara wa ƙasa tsami fiye da yuriya, don haka nake bibiyar pH na wurin duk bayan shekara biyu ko uku. Na bar kunya huɗu a tsakiya ba tare da sulfa ba domin in gani da idona, kuma tun masarar ba ta kai ƙugu ba ana iya hango waɗannan kunyoyin daga bakin gona.

Daga baya na ƙara wani gwaji da ake yi a ƙarshen damina, wanda masu bincike a jami'ar jihar Iowa ta Amurka suka tsara. Bayan ƙwayar masara ta gama nuna, ana yanko guntun kara mai tsawon santimita 20, daga santimita 15 zuwa 35 a saman ƙasa, a auna naitiret ɗin da ya rage a ciki, wato naitirojin da shukar ta sha ba ta sarrafa ba. Masarar da ta ji yunwa takan zuƙe abin da ke gindin karanta ta kai wa goyo, wadda aka cika wa taki kuma takan bar shi a tare a wurin. A ma'auninsu, ƙasa da kashi 250 cikin miliyan yana nufin naitirojin ya gaza, 250 zuwa 2000 shi ne daidai, abin da ya haura 2000 kuma yana nufin an zuba fiye da buƙata. A ɓangaren gonata mai laka, inda na fi alfahari da duhun ganye, sakamakon ya haura wannan iyaka shekara biyu a jere, don haka na rage yuriyar da nake zubawa a can, ban kuma ga raguwa a buhunan da nake ɗauka ba. Zink ne har yanzu yake zaune a bakin layi a duk takardun da na tara, bai faɗa ƙasa ba bai kuma hau ba, kuma bana na ware kunya shida da zan fesa masa in auna goyonsu dabam ranar girbi.